Daga Bakin Titi Zuwa Gadon Asibiti: Yadda Ake Ceton Wanda Ya Ji Mummunan Rauni

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna haɗarin hanya na cin rayukan kimanin mutum miliyan 1.19 duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Idan aka auna da yawan jama'a, babu yankin da ya kai Afirka asara. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Zariya ko ta Maraɗi zuwa Damagaram ya san waɗanda ke fara isa inda mota ta kife: direban da ke biye, kwandasta, ɗan acaɓa, manomin da gonarsa ke bakin titi. Motar asibiti, in ma za ta zo, sai daga baya.

Masu bincike sun gwada ko waɗannan mutane za su iya ceton rai in an koya musu. Tsakanin 1998 da 2000, likita Charles Mock da abokan aikinsa na Kumasi sun ba direbobin haya 335 horon awa shida kacal a Ghana. Da aka koma aka tambaye su daga baya, masu cewa sun tsaida wa wani jini a wurin haɗari sun tashi daga kashi 4 cikin ɗari zuwa kashi 42, masu buɗe wa mutum hanyar numfashi kuma daga kashi 2 zuwa 35. A ƙauyukan arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda nakiyoyi ke raunata jama'a, wani shiri da likita ɗan Norway Hans Husum ya jagoranta daga 1997 zuwa 2001 ya horar da ma'aikatan jinya 135 da mutanen ƙauye 5,200. Mutuwar waɗanda suka ji rauni ta sauka daga kashi 40 zuwa kusan 15. Hannu, ƙyalle da sanin abin da ake fara yi, su ne yawancin kayan aikin.

Kafin ka taɓa kowa

Ajiye abin hawanka nesa kaɗan, ka kunna fitilun gargaɗi. A sa alwatiran nan mai ƙyalli ko rassan itace a bayan wurin da gabansa, da tazara sosai, musamman a kwana ko kan tudu. A kashe injin motar da ta yi haɗari, kada kowa ya kunna sigari. Idan tankar mai ce ta faɗi, aikinka na farko shi ne korar mutane daga wurin. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu bayan tanka ta kama da wuta, ya isa a ce ba a kusantar man da ya malala.

Taro ba ya aiki sai an raba masa. In ka ce "a kira motar asibiti", kowa zai ɗauka wani ya kira. Nuna mutum ɗaya: "Malam, kai mai farar hula, don Allah kira 122 ka gaya musu inda muke." A Najeriya 122 lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ce, 112 kuma ta gaggawa ce gaba ɗaya. A Nijar ana kiran 'yan kwana-kwana a 18. Wani ya tare motoci, wani ya nemo motar da za ta ɗauki marasa lafiya. Masu ɗaga waya suna ɗaukar hoto, a ba su aikin haska fitila.

Duba agogo ka riƙe lokacin da abin ya faru. Za a nemi wannan lokacin a asibiti, kuma akwai maganin da ba a bayarwa sai an san shi.

Idan mutanen da yawa ne, mai ihu yana numfashi, ƙwaƙwalwarsa kuma tana samun jini. Fara da wanda jini ke tsartuwa daga jikinsa, sai wanda ya yi shiru.

Jini kafin komai

Shekaru da dama ana koyar da cewa a fara da hanyar numfashi. Yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan sun sa aka gyara tsarin: in jini na kwarara sosai, shi ake fara tarewa, domin babbar jijiyar cinya na iya ƙarar da mutum cikin 'yan mintuna. Babban mutum jininsa bai wuce lita biyar ba ko kusa da haka.

Jinin da ke kisa ana gane shi. Yana tsartuwa ko yana bulbulowa ba tsayawa, ya taru a ƙasa, ya jiƙa riga ko zani sharkaf. Sa safar hannu in akwai, in babu ka zura hannunka cikin leda mai tsabta. Yaga tufar ka ga ainihin inda jinin ke fitowa, domin danna saman wando ba tare da ganin ramin ba ɓata lokaci ne.

Ninke ƙyalle mafi tsabta da ke kusa, rawani ne ko mayafi ko riga, ka ɗora a kan raunin, ka danna da hannu biyu. Miƙe gwiwar hannunka, ka sakar masa nauyin jikinka. Zai yi ƙara, ka ba shi haƙuri ka ci gaba: "Sannu Baba, na san da zafi, jinin nake tsayarwa." Riƙe aƙalla minti goma ba ɗagawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne leƙawa bayan minti ɗaya a ga ko ya tsaya, kuma kowace leƙawa tana ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. In ƙyallen ya jiƙe, bar na ƙasan, ka ƙara wani a kai, ka kuma tabbatar a daidai ramin kake dannawa.

Rauni mai zurfi a hammata, ko a mahaɗar cinya da mara, ko a tsokar ɗuwawu, dannawa daga sama ba ta isa gindinsa. Sai an cusa. Ɗauki bandeji ko siririn ƙyalle, ka tura bakinsa da yatsa har ƙasan ramin inda kake jin jinin na bugowa. Riƙe da yatsa ɗaya, ka ƙara tura wani da ɗayan, a hankali a hankali har ramin ya cika maƙil, sannan ka danna a kai. Mutane na jin tsoron wannan saboda ƙwayoyin cuta. Ƙwayar cuta ana maganinta gobe a asibiti, jinin da ya zube a titi kuwa ba ya dawowa. Amma ba a cusa komai cikin ƙirji, ko cikin ciki, ko ƙoƙon kai.

Ƙasa, toka, kashin shanu, man birki, fetur, garin magani: babu ɗaya da ke tsaida babbar jijiya, kuma duk sai likita ya sha wahalar wanke su kafin ya ɗinke. Idan ƙarfe ko gilashi ko wuƙa na kafe a jiki, bar shi a inda yake, domin wataƙila shi ya toshe jijiyar da ya huda. Tara ƙyalle a gefensa biyu ka danna kewaye da shi.

Sai ɗaurin tsaida jini, wanda ake yi wa hannu ko ƙafa kaɗai. An daɗe ana tsoratar da mutane cewa yana jawo a yanke gaɓa. Likitan sojan Amurka John Kragh ya bi diddigin mutum 232 da aka yi wa wannan ɗauri a wani asibitin soja a Bagadaza, ya wallafa sakamakon a 2009. Waɗanda aka ɗaure tun jikinsu bai gama rikicewa da rashin jini ba, kashi 90 sun rayu. Waɗanda sai da suka galabaita aka ɗaure, kashi 10 ne suka rayu. Daga irin wannan bincike aka ƙaddamar da shirin Stop the Bleed a Amurka a 2015, don koya wa talakawa abin da sojoji suka koya.

Ana yin sa idan dannawa ta kasa, ko gaɓar ta guntule, ko mutanen sun yi maka yawa ba za ka iya zama kan mutum ɗaya ba. Na kanti ya fi, amma in babu ga yadda ake haɗa shi. Nemi ƙyalle mai ƙwari wanda ba ya talewa, ka ninke shi ya yi faɗin yatsu uku, wato kamar santimita biyar. Zagaya shi sau biyu a saman raunin, ta ɓangaren jiki, da tazarar santimita 5 zuwa 7, kada ya hau kan gwiwa. Yi ƙulli ɗaya, ka ɗora sifana ko sukundireba ko sanda mai ƙarfi a kai, ka sake ƙullewa a samanta. Murɗa ƙarfen. Ci gaba da murɗawa har jinin ya tsaya cak, ko da mutumin na roƙon ka bari. Sai ka ɗaure ƙarfen da wani ƙyalle kada ya warware, ka rubuta lokacin da biro a fatarsa inda za a gani. In jinin bai tsaya ba, yi na biyu a saman na farko.

Waya, igiya da igiyar takalmi suna yanka nama ba tare da sun toshe jijiya ba. Bel shi kaɗai da wuya ya matse yadda ake so. Ɗauri sako-sako ya fi rashinsa muni, domin yana hana jini komawa jiki alhali yana barin sa ya ci gaba da fita. Kuma da zarar an ɗaure, ba a sassautawa a hanya wai don ƙafa ta sha iska. Likita ne zai kwance. Ƙasa da awa biyu, da wuya ɗaurin ya yi wa gaɓa lahani mai ɗorewa. Wannan duk maganar zubar jini ce. Saran maciji ba a yi masa irin wannan ɗauri, yana ƙara ɓarna ne.

Numfashi, da kula da wuya

Durƙusa daidai fuskarsa ka yi masa magana: "Malam, kana ji na? Yaya sunanka?" In ya amsa da murya garau, hanyar numfashinsa a buɗe take. Ce masa kada ya motsa kai, wani ya zauna ta wajen kansa ya riƙe da hannu biyu daidai yadda yake.

In bai amsa ba, kalli ƙirjinsa ka kasa kunne kusa da bakinsa na daƙiƙa goma. Minshari ko ƙarar kurkure na nufin harshe ko jini ko amai ya tare hanya. Sa yatsunka a bayan kusurwar muƙamuƙinsa ta gefe biyu, ka tura muƙamuƙin gaba ba tare da ka tanƙwara wuyan ba. Abin da ka gani a baki, kamar karyayyen haƙori ko goro, cire shi, amma kada ka zura yatsa kana lalube. In yana amai ko jini na taruwa a bakinsa, a juya shi kan gefensa gaba ɗaya, mutum uku ko huɗu, kai da kafaɗa da ƙugu su juya tare, mai riƙe da kai ne ke ba da umarni. Tsoron taɓa laka kada ya sa a bar mutum rigingine ya shaƙe da amansa. Mace mai tsohon ciki a karkata ta gefen hagu.

Hular kwano a bar ta, sai in ta hana shi numfashi ko yana amai a ciki. In dole ce, mutum biyu za su cire, ɗaya na tallafe da wuya.

Rami a ƙirji da ke shan iska ba a liƙe shi ruf da leda da filasta ta ko'ina. Iska na iya taruwa a ciki ta danne huhu da zuciya. Danna gefen da ke jini, ka rufe da abin da iska za ta iya fita, kuma in numfashinsa ya ƙara tsanani bayan rufewa, ka ɗage. Mai raunin ƙirji da ke cikin hayyacinsa yakan fi samun sauƙi a kishingiɗe. Hanji in ya fito ba a mayar da shi, a rufe da ƙyalle mai tsabta da aka jiƙa.

Wanda ba ya numfashi kwata-kwata ana danna masa tsakiyar ƙirji, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Sai dai a san cewa zuciyar da ta tsaya saboda jini ya ƙare da wuya dannawa ta tashe ta. In kai kaɗai ne kuma ga wani can jini na zuba yana da rai, wajensa za ka.

Jinin da ba a gani

Wannan shi ke yaudarar mutane. Matashi ya fito daga mota da ƙafarsa, yana cewa lafiyarsa ƙalau, bayan awa ɗaya ya yanke jiki ya faɗi, saifa ko hanta ta fashe a ciki. Jikin mai ƙuruciya na iya riƙe awon jininsa, wato ƙarfin da jini ke gudu da shi a jijiya, daidai har sai ya rasa kusan kashi 30 na jinin, yara ma sun fi haka ɓoyewa. Don haka a duba wasu alamun: tafin hannu da cikin fatar ido sun yi fari, gumi mai sanyi, bugun jijiya da sauri amma ba ƙarfi, numfashi sama-sama, ƙishirwa mai tsanani, rashin natsuwa ko surutai. Wanda sitiyari ya daka a ciki, ko aka yi jifa da shi daga mota ko babur, asibiti za shi ko da yana gardama.

Karayar ƙashin cinya kaɗai na iya zubar da lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin tsoka. Ta ƙashin ƙugu ta fi haka. In mutum na kukan ciwo a ƙugu ko mara bayan mota ta buge shi, kada a jijjiga ƙashin don gwadawa. A ninke zani ya yi faɗin taƙi guda ko fiye, a zura ta ƙarƙashinsa, a daidaita shi kan ƙasusuwan nan biyu da ke turowa a saman cinya ta gefe, ba a kan cibiya ba, a ja da ƙarfi a ƙulle. A haɗa gwiwoyinsa da idon sawunsa a ɗaure. Sauran karaya a tallafe su da katako ko kwali mai kauri yadda aka same su, ba ja ba miƙarwa.

Zai roƙi ruwa, kuma hana mai ƙishirwa ruwa abu ne mai nauyi a zuciya. Duk da haka kada a ba shi, ko ruwa ko madara ko lemo. Zai iya amayarwa ya shaƙe, kuma cikin da ke da abinci na ƙara haɗarin allurar barci in za a shiga tiyata. Jiƙa masa leɓe ya wadatar.

Rufe shi

Al'adar yayyafa wa wanda ya suma ruwa tana cutar da mai rauni. Jini ba ya daskarewa da kyau a jiki mai sanyi. Karim Brohi da abokan aikinsa a Landan sun nuna a 2003 cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu mummunan rauni suna isa asibiti jininsu ya riga ya daina daskarewa yadda ya kamata. Sanyi na ƙara wannan matsala, ita kuma tana ƙara zubar jini, zubar jinin na ƙara sanyin. Wanda ya rasa jini yana jin sanyi ko da rana tsaka a watan Afrilu, balle daren hunturu a bayan a-kori-kura. Cire jiƙaƙƙun kaya, shimfiɗa tabarma ko kwali a ƙarƙashinsa, rufe shi da bargo ko babbar riga.

Ƙuna ce kaɗai ake zuba wa ruwa: ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na minti 20, a kan wurin ƙunar, sauran jikin kuma a rufe, musamman ga yara. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Ba a shafa ƙwai, man goge baki ko baƙin mai.

Ɗauka da zaɓen asibiti

Kama hannu da ƙafa a yi lilo da mutum zuwa mota ya gurgunta waɗanda haɗarin kansa bai gurgunta ba. A nemo ƙyaure, faffaɗan katako ko bargo mai ƙwari, a mirgina shi a kai, mutum ɗaya na riƙe da kai har a isa. Motar da zai miƙe a cikinta ta fi adaidaita sahu, amma in ita kaɗai ce kuma jini ne matsalar, tafiya ta fi jira. Mai danna rauni ya shiga tare da shi, hannunsa na kan wurin.

Likita R Adams Cowley na birnin Baltimore a Amurka ne ya yaɗa maganar cewa awa ta farko ce ke yanke hukunci. Bincike bai nuna akwai wani abu na musamman a minti sittin daidai ba, wani minti goma yake da shi, wani awa uku. Abin da ya tabbata shi ne mai zubar jini a ciki ɗakin tiyata yake buƙata. Kemis da ƙaramin asibitin unguwa za su ɗaura ƙarin ruwa ne su tura ku gaba bayan an ɓata awa guda. Nufi asibitin da ke da likitan tiyata da wurin ajiyar jini. In yana da nisan awoyi, a tsaya a babban asibitin da ke kan hanya a fara ba shi taimako.

Tun kuna hanya a kira 'yan uwa da abokai masu lafiya, 'yan shekara 18 zuwa 65 da suka kai kilo 50, su same ku a can don ba da jini. A asibitocinmu wannan kiran kan rage jinkiri fiye da kowane abu da dangi za su iya yi.

Da kun isa, faɗa wa ma'aikaciyar jinya abu huɗu a gajarce: ƙarfe nawa abin ya faru, me ya same shi, raunukan da kuka gani, da abin da kuka yi, har da lokacin ɗauri. A Najeriya sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Dokar 2017 kan waɗanda aka harba ta wajabta a yi musu magani ko babu takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya, ta kuma ce a mutunta wanda ya kawo su. Ba ko'ina ake bin wannan ba, shi ya sa sanin sa ke da amfani. A faɗe shi cikin ladabi, a nemi ganin babban likitan da ke bakin aiki.

Abin da ya kamata ku gani a sashen gaggawa

Tsarin da likitoci ke bi wajen duba mai rauni daki-daki ya samo asali daga haɗarin jirgin sama da likitan ƙashi James Styner ya yi da iyalinsa a jihar Nebraska ta Amurka a 1976. Matarsa ta rasu nan take, 'ya'yansa suka ji munanan raunuka, kulawar da suka samu a ƙaramin asibitin da aka kai su kuma ta sa shi da abokansa suka tsara kwas ɗin da aka fara a 1978.

Tambayar da ta fi dacewa dangi su yi ita ce ta maganin da ake kira tranexamic acid, ko TXA. Utako Okamoto da mijinta Shosuke ne suka samar da shi a Japan a farkon shekarun 1960, aikinsa hana gudan jini narkewa. Gwajin CRASH-2 da aka wallafa a 2010 ya haɗa mutum 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Najeriya. Mutuwa ta sauka daga kashi 16 zuwa 14.5. Da aka sake duba alƙaluman aka ga lokaci ne komai. Waɗanda aka yi wa cikin awa ta farko, mutuwa ta zubar jini ta kasance kashi 5.3, alhali ta kai 7.7 ga waɗanda ba a yi wa ba. Bayan awa uku kuwa maganin ya ƙara mutuwa ne. Wani nazari na 2018 ya ƙiyasta cewa duk jinkirin minti 15 na rage amfaninsa da kashi 10. Ana ba da giram ɗaya ta jijiya cikin minti goma, sai wani giram ɗaya cikin awa takwas. Ba shi da tsada, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2011, kuma gwajin CRASH-3 na 2019 ya nuna yana taimakon masu raunin kai wanda bai kai matuƙa ba. Aikin ma'aikacin lafiya ne yin allurar. Naku shi ne ku ce: "Likita, ƙarfe huɗu da kwata abin ya faru, ko zai dace da TXA?"

Dangi kan ji daɗi in sun ga ledar ƙarin ruwa na bin leda. A birnin Houston na Amurka a 1994 an gwada mutum 598 da aka harba ko aka soka a gangar jiki. Waɗanda aka jinkirta wa ƙarin ruwa har aka shiga tiyata, kashi 70 sun rayu, waɗanda aka ɗura wa tun farko kashi 62. Ruwan gishiri ba ya ɗaukar iskar numfashi, ba ya daskarewa, yana tsinka jinin da ya rage kamar yadda ake tsinka koko: kofi ya cika, ƙarfin ya tafi. Yana kuma ɗaga awon jini ya ɓalle gudan da ya toshe rauni. Saboda haka in likita ya taƙaita ruwa yana neman jini, daidai yake yi. Mai raunin kai ne ba a barin awon jininsa ya sauka, domin ƙwaƙwalwa ba ta jurewa.

Gwajin PROPPR na 2015, mai mutum 680, ya nuna in aka ba da sassan jini uku, wato jajayen ƙwayoyi, ruwan jini da ƙwayoyin da ke daskarar da shi, daidai wa daida, masu mutuwa da zubar jini a awa 24 na farko sun kasance kashi 9.2 maimakon 14.6 na waɗanda aka fi ba jajayen ƙwayoyi. Jinin da ɗan uwa ya bayar sabo, ba a rarraba shi ba, yana ɗauke da duk sassan ukun, kuma sojojin Amurka da kansu sun koma amfani da irinsa.

Akwai abin da bincike ya sa aka daina. Shekaru ana yi wa masu raunin kai allurar sitiroyid don rage kumburin ƙwaƙwalwa, sai gwajin CRASH na farko a 2004, mai mutum 10,008, ya nuna mutuwa cikin mako biyu ta kai kashi 21 ga waɗanda aka yi wa, 18 ga waɗanda ba a yi wa ba.

Kada hankali ya tashi in an fito da shi daga tiyata aka ce za a sake komawa bayan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ma cikin ba a ɗinke gaba ɗaya ba. Dabara ce da aka bayyana a birnin Philadelphia na Amurka a 1993: a tsaida jini a gaggauce, a ɗumama mutum a ƙara masa jini, gyaran gaske sai jiki ya farfaɗo.

Bayan an tsira

Wanda ya bugu a ka aka sallame shi, wani ya kwana kusa da shi na kwana ɗaya ko biyu. Amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, farfaɗiya, raunin gefe ɗaya, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, duk komawa asibiti ne a daren. Haka ciwon ciki mai ƙaruwa, jiri, ko ciwon kafaɗar hagu bayan kwanaki, domin saifa kan fashe a makare. A tambaya ko an yi allurar tetanos.

Maganar ɗori sai an faɗe ta a fili. Mutane na guje wa asibiti da karaya don tsoron kuɗi da tsoron a yanke ƙafa, alhali likitocin ƙashi a Najeriya sun sha rubuta yadda karan ɗori da aka matse ke kashe gaɓa har yankewar ta zama dole, yawanci ga yara. Ko ɗorin gida ne ko simintin asibiti, alamun haɗari ɗaya ne: ciwo mai ƙaruwa da magani ba ya kwantarwa, zafi mai tsanani in an miƙar da yatsu, yatsun sun kumbura, sun yi sanyi, sun mutu ko sun canza launi. Awoyi kaɗan ake da su, a sassauta ɗaurin karayar a tafi asibiti. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta mai ɗori ba ce ko kaɗan, tana buƙatar wanki a ɗakin tiyata da maganin ƙwayoyin cuta tun ranar.

Doguwar kwanciya na da nata haɗarin. Jini kan daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu. Kumburin ƙafa ɗaya da zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, gaggawa ce. Da zarar likita ya ba da izini a fara motsa gaɓoɓi da takawa, wanda ba ya iya juyawa kuma a riƙa juya shi duk awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Mai karayar haƙarƙari ya sha maganin ciwo ya riƙa jan dogon numfashi da tari, kada a naɗe masa ƙirji. A ba shi wake, ƙwai, kifi, nono da ƙuli-ƙuli gwargwadon hali, domin da su nama da ƙashi ke haɗewa.

Mafarkin haɗarin, firgita da ƙarar birki, ƙin shiga mota, saurin fushi, duk ana ganinsu a makonnin farko, kuma ga yawancin mutane suna raguwa da kansu. Bincike bai nuna amfanin zaunar da mutum a tilasta masa ya ba da labarin abin da ya faru daki-daki tun da wuri ba, don haka masu zuwa dubiya su rage "yaya aka yi?". In an wuce wata guda abin bai lafa ba, ko ya hana shi barci da sana'a, ko ya fara maganar gara ya mutu, a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam, akwai magani na zama da tattaunawa da aka tabbatar yana aiki. Wanda ya danne raunin da hannunsa a bakin titi shi ma yana iya fuskantar waɗannan alamu, musamman in mutumin bai rayu ba, kuma shi ma a nan zai nemi taimako.